Aljanin Alhamis

Laraba, 1 ga Oktoba

Yau ma an sake kiran su kayan wasa. Malamin lissafi ne ya leƙo lab, ɗakin gwaje-gwajen makaranta, bayan an tashi, ya ga ƙananan jiragen saman da ke jere a kan kanta, ya ce, "Malam, har yanzu kana nan da kayan wasanka?" Ban yi masa musu ba. Kowa haka yake ɗauka da farko. Bambancin kuwa a fili yake. Abin wasa a haɗe ake sayo shi, a miƙa wa yaro ya karya. Waɗannan a wargaje suke zuwa cikin kwali, gutsattsarin roba manne a jikin firam. Sai ka yanko kowanne, ka goge shi, ka gwada ko ya zauna, sannan gam, sannan fenti. In ka gama kuma ba a wasa da shi. Ƙaramin kwafi ne na jirgin da ya taɓa tashi a zamanin yaƙi, da mutane a ciki. Ajiye shi ake yi a riƙa kallo.

Yara huɗu suka dawo kulob ɗin haɗa jirage da nake yi duk Laraba wannan zangon. Rediyo, wanda bakinsa ba ya da makashi. Tagwaye, da har yanzu suka fi manne yatsunsu a kan manne jirgi. Sai Likita, 'yar aji uku, wadda ta samo sunan saboda kullum sai ta shimfiɗa farin hankici ta jera wuƙa da matsefata da buroshi a kai kafin ta taɓa komai. Da hagu take aiki. Ba ta cika magana ba.

Wani tsohon ɗalibina ya aiko mana da babban kwali, jirgi mai inji biyu. Ban buɗe musu ba tukuna.

Alhamis, 2 ga Oktoba

Na shiga lab bayan an tashi. Bayan jirgin Tagwaye ya buɗe baki a wurin haɗi, na cike da foti, ƙullun toshe ɓaraka, na goge da samfefa. Aikin minti kaɗan ne. Ba su da hannun da za su iya wannan yanzu.

Litinin, 6 ga Oktoba

Mahaifin Likita ya zo. Akawu ne a wani kamfani, doguwar riga a goge, mukullin mota a hannu kamar wanda ya bar inji a kunne. Ya ciro ɗan jirgin da ta kai gida zangon da ya wuce, naɗe a tawul, ya ajiye a teburina.

"Malam, wa ya yi wannan?"

Na ce ita.

Ya juya shi, ya bi bayansa da farce. "Ni na haife ta. Yarinyar nan ko bangon littafi ta naɗe sai gefe ɗaya ya fi gefe. Ina mahaɗin? Ban ga inda aka haɗa ba."

Na fara yi masa bayanin foti. Ya ɗaga hannu. Wai ya tambaye ta, ta ce ran Laraba takan bar abu da 'yar ɓaraka, wata Larabar ta tarar ya yi sumul. Wai yaran ma sun raɗa wa abin suna, aljanin Alhamis. Ban san da wannan ba.

Bai ɗaga murya ba. Ya ce ya sa 'yan'uwanta a lesin ran Laraba da yamma, ita kaɗai ta roƙa a bar ta nan. In koyo take yi, to. In kuma zama take yi tana kallon malami yana nishaɗinsa, gara ta je lesin. Ya ba ni zuwa ranar iyaye, Asabar ta uku a Nuwamba ko ta huɗu, duk wadda Shugabar makaranta ta tsayar. Zai zo ya ga abin da ta yi da hannunta.

"Da hannunta, Malam."

Na ce in Allah ya yarda.

Ya bar jirgin a teburina. Aikin ya yi kyau, gaskiya.

Laraba, 8 ga Oktoba

Na ba Likita babban kwalin. Rediyo ya dafe ƙirji ya ce son kai ƙiri-ƙiri, shi da ya riga ta shiga kulob. Na ce ya fara gama farfelar da ya manna a baibai. Ya ce ai jirginsa na komawa gida ne.

Na yi musu darasin da nake so. Irin jirgin nan tayoyi uku gare shi, biyu ƙarƙashin fuka-fuki, ɗaya ƙarƙashin hanci. Na gaske injinsa da bindigoginsa ne suke danne gabansa. Na roba kuwa ba komai a gaba sai iska, wutsiya ta fi nauyi. In ba a cusa darma a cikin hanci ba kafin a rufe gangar jikin, ran da aka gama zai ɗaga kai sama ya zauna a kan wutsiyarsa kamar karen da ke jiran a jefa masa abu. Gam ɗin nan kuma ba liƙewa kawai yake yi ba, narkar da robar yake yi ɓangarorin su zama ɗaya. Abin da ka rufe ya rufu.

Na rubuta a allo da manyan baƙi: DARMA KAFIN RUFEWA. Na sa suka faɗa tare. Tagwaye suka mayar da shi waƙa.

Na ba Likita 'yan ƙwayoyin darma, irin na masu kamun kifi. Ta zuba a kwalin ashana.

Na tambaye ta ko mahaifinta ya gaya mata yadda muka yi. Ta gyaɗa kai. Na ce tana son zama a kulob? Ta ce, "Nan ne kawai ba a ce mini in yi sauri." Ta ci gaba da yankan kujerar matuƙi.

Alhamis, 9 ga Oktoba

Ban taɓa nata ba. Farfelar Rediyo kawai, ita ma don idona ya kasa jurewa.

Laraba, 15 ga Oktoba

Likita cikin jirgin take yi. Kore mai duhu a bango, baƙi a allon agogunan matuƙi. Da tsinken sakace take ɗiga fari a kan kowane agogo. Ta yanka salatif siriri kamar zare ta yi wa kujeru bel, abin da ko a takardar bayanin babu.

Rediyo ya leƙa ta kafaɗarta. "Ke, in an rufe wa zai gani? Tururuwa?"

Ta ce, "Ni na sani."

Amsar da nake koya musu ke nan tun bara. Na ji daɗi da na ji ta a bakinta. Na kuma dubi kalanda.

Asabar, 18 ga Oktoba

Mai ɗakina ta sa Auta wanke kwanuka. Da ya gama na bi bayansa na sake ɗauraye tukunya, akwai maiƙo a gindi. Ta tsaya a bakin kicin tana kallona.

"Baban Auta, ka san ya daina wanke gindin tukunya gaba ɗaya?"

Na ce shi ya sa nake bi.

"A'a. Don kana bi ne ya daina."

Ban ga alaƙar wannan da komai ba. Na rubuta ne kawai don ta faɗa da wata irin murya.

Laraba, 22 ga Oktoba

Shugaba ta tsayar da ranar iyaye, 22 ga Nuwamba.

Likita ta haɗa fuka-fuki da injuna biyun yayin da fentin ciki yake bushewa. Ba laifi. Na hagu akwai 'yar ɓaraka a baki, na nuna mata, ta cike da kanta, fotin ya ɗan yi tudu. Na sa hannuwana a aljihu.

Amma gangar jikin har yanzu a buɗe take, ɓari biyu kamar an fasa gyaɗa. Yau wajen rediyon jirgin ta tsaya, tana yi masa waya da zaren tagulla. Na ce lokaci fa. Ta ce saura kaɗan, Malam. Bayan rufewa akwai foti, akwai gogewa, akwai gilasai, akwai fenti, akwai tambura, akwai tayoyi. Laraba huɗu suka rage. Ba za su isa ba a irin tafiyarta.

Laraba, 29 ga Oktoba

Ba ta zo ba. Zazzaɓi, in ji ƙawarta.

Ɓarin jirgin biyu suna cikin tire, ta rufe su da hankicin.

Alhamis, 30 ga Oktoba

Na rufe shi.

Dalilai: cikin ya gama bushewa. Rufewa ba wani gwaninta ba ne, haɗa ɓari biyu ne a ɗaure da roba. In an bari sai ta warke an yi asarar mako, gam kuma yana son kwana kafin a goge. Ba fenti na yi mata ba, ba ƙira ba. Duk abin da ido zai gani nata ne. In mahaifinta ya zo ya tarar da rabin jirgi, ita za ta rasa kulob, ba ni ba.

Na duba tiren kafin in sa gam. Kujeru suna nan, allon agoguna yana nan, ba abin da ya rage a tire. Ya haɗu tsaf, mahaɗin kamar gashi.

Na dawo gida da ƙanshin gam a hannu. Mai ɗakina ta shinshina ta ce, "Yau Alhamis ko?" Ashe Auta ya kawo mata labarin aljanin daga makaranta.

Laraba, 5 ga Nuwamba

Ta dawo, ta ɗan rame. Ta shimfiɗa hankici, ta jera kayanta, sannan ta ɗaga kai ta ga jirgin a rufe da robobin ɗauri a jikinsa.

Ta daɗe tana kallonsa. Na fara cewa na taimaka mata ne da abin da ba shi da wuya, saboda lokaci. Ba ta dube ni ba. Ta buɗe jakarta, ta lalubo wani abu, ta zo ta ajiye a teburina.

Kwalin ashana. Ya yi ƙara da ta ajiye shi.

A jakarta yake tun ran da na ba ta. Wai tana tsoron Tagwaye su yi harbi da shi. So take ta sa da kanta a ƙarshe, bayan wayar rediyo.

Rubutuna yana nan a saman allo, ba wanda ya goge. Ɗaya daga cikin Tagwaye ya fara rera waƙar a hankali, ɗan'uwansa ya zungure shi. Rediyo ya buɗe baki ya rufe. Tunda na san shi ban taɓa ganin haka ba.

Na ce wataƙila injuna za su rinjaya gaba, mu gwada. Muka liƙa fuka-fuki da wutsiya da salatif, na ɗora shi a kan fensir daidai inda manyan tayoyi za su zauna. Na saki. Ya koma baya, tak, wutsiya ta bugi tebur, hanci yana kallon silin.

Rediyo ya kasa daurewa. "Malam, aljanin nan bai zo aji ba ran darasin darma."

Suka yi dariya. Ita ba ta yi ba. Ta naɗe hankicinta tun kafin lokaci.

Alhamis, 6 ga Nuwamba

Na zauna da jirgin, ban taɓa ba, tunani kawai.

Ramin tayar gaba akwati ne rufaffe, ba ya kaiwa cikin hanci. Cikin injuna bai yi gaba sosai ba, kuma ta riga ta manne su. Ana iya tokare wutsiya da sandar roba mai haske, amma kowa zai gani. Ana iya manne tayoyin uku a kan katako a ce filin jirgi ne. Wannan ba wanda zai sani. Na sha ganin an yi.

Ko kuma a yanka ƙofa a ƙarƙashin hanci da zarto, a zuba darmar, a mayar a rufe. Robar wurin siririya ce, kuma bayan ta kaɗan ƙafafun kujerar matuƙi suke. Zarto ya zarce, aikinta na wata guda ya tafi.

Katako ya fi.

Juma'a, 7 ga Nuwamba

Na kira Likita lokacin tara. Na jera mata hanyoyin duka, na ce shawarata katako. Har ciyawa za mu yi masa da soso.

Ta ce, "Ina so ya tsaya da ƙafarsa."

Na ce to, sai yanka. Zan yi da kaina, na taɓa yi, hannuna ba ya rawa. Ita ta tsaya kusa ta gani.

Ta murza bakin hijabinta. Sai ta ce, "Malam, Baba zai tambaye ni inda ka taɓa. Ni ba na iya yi masa ƙarya. Yanzu wuri ɗaya ne."

Na ce in zarto ya zarce fa?

"Sai ya zarce."

An buga ƙararrawa. Ta tsaya tana jira in sallame ta. Na ce ran Laraba.

Na roƙi Shugaba ta bar mana lab kullum bayan an tashi har ranar iyaye. Ta ce in dai zan kulle tagogi.

Talata, 11 ga Nuwamba

Na ba ta gangar wani tsohon jirgi da ya lalace ta yi gwaji. Yanka uku. Na farko ya karkace, na biyu ya karkace, na uku ya karkace kaɗan. Da hagu take ja, duk abin da na nuna mata sai ta juya shi a kanta tukuna.

Laraba, 12 ga Nuwamba

An yi.

Ta kwantar da jirgin a rigingine kan soso, ta zagaye wurin da salatif, ta ja layi da fensir. Rediyo ya naɗa kansa nas. Ya ɗaura hankici a hanci yana miƙa kaya. "Likita, mara lafiya ya ci abinci? Dangi su fita waje don Allah." Ya dube ni da ya faɗi haka.

Ban fita ba. Na ja kujera gefe na zauna a kan hannuwana. A zahiri, tafuka ƙarƙashin cinya. Tagwaye sun lura.

Gefe biyu sun tafi lafiya. A na uku zarton ya tsallake layi ya ja zane a gefen hanci, tsawon farce. Na miƙe rabi. Ta tsaya, ta hura garin robar, ta duba, ta mayar da zarton kan layi. Na koma na zauna.

Da ƙofar ta faɗo ta haska ciki da fitilar wayata. Ƙafafun kujerar suna nan, zarton ya wuce su da kaurin takarda. Ta jefa darma ɗaya bayan ɗaya, tana ɗora jirgin a fensir, har hanci ya sunkuya ya tsaya a ƙasa. Ta ƙara biyu don kada a yi shakka. Ta bi da farin gam. Tagwaye suka yi tafi.

Wajen mayar da ƙofar ne. Ta sa gam ya ɗan yi yawa, ta danne da babban yatsa. Na ga gam ɗin yana bin mahaɗi yana shiga ƙarƙashin yatsan. Na san abin da zai faru. Kalmar tana bakina. Kafin in yanke shawarar faɗa ko bari, ya riga ya faru.

Ta ɗaga yatsa. Robar ta narke ta ɗauki shatinsa, layi-layi, a zagaye, kamar wanda aka dangwala da tawada.

Rediyo ya ce, "An yi aiki lafiya, amma likita ta manta yatsanta a jikin mara lafiya."

Ta tambaye ni ko yana gyaruwa. Na ce yana gyaruwa: ya bushe sosai, foti, ya bushe, samfefa, a sake. A hannunta zama biyu ko uku. Amma ga gilasai ba a sa ba, ga fenti, ga tayoyi. Ta lissafa a kanta. Ta ce za ta goge tudun kawai ta wuce, ai a ƙasa yake.

Ban gaya mata cewa fentin azurfa ba ya rufa wa kowa asiri ba. Ko na gaya mata? Ina jin na faɗa, a hankali.

Alhamis, 13 ga Nuwamba

Yara suna da wasanni yau, lab ba kowa. Na shiga kulle tagogi.

Gam ya bushe. A hannuna abin nan bai fi rabin awa ba. Akwai foti mai saurin kamawa a durowata da ban taɓa nuna musu ba. Na ciro shi, na ciro samfefa mai laushi, na yanki ɗan guntu, na jiƙa. Na juya jirgin.

Shatin ƙarami ne ƙwarai. Yatsan yara. Akwai wani ɗan layi da ya ratsa shi a karkace, tabon wuƙar da ta yanke ta bara, ranar farko da ta zo kulob. Ni na ɗaura mata filasta.

Na tuna ina da takardun gwajin 'yan aji biyu da ban duba ba. Na kulle tagogi.

Litinin, 17 ga Nuwamba

Fuka-fuki sun hau. Gilasai sun hau, ɗaya ya ɗan yi hazo a kusurwa. Ta ba Tagwaye fentin tayoyi, ta ce in sun taɓa wani abu ban da taya za ta manne su da juna har abada. Sun ce ai sun saba.

Laraba, 19 ga Nuwamba

Jiya aka fesa azurfa a bayan lab. Kamar yadda na zata, komai ya fito: tudun fotin fiffiken hagu, zanen zarto, shatin yatsa ɗaro-ɗaro. Mahaɗin baya kawai ba a gani. Shi ne nawa.

Yau tambura da tayoyi. Tambari ɗaya ya yage a ruwan da ake jiƙa shi kafin a liƙa, ta haɗa shi, ana ganin wurin.

Ta ajiye shi a tebur ta janye hannu a hankali. Ya tsaya. Tayoyi uku a ƙasa, wutsiya a sama. Rediyo ya hura masa iska don mugunta, ya yi ɗan rawa ya koma kan hancinsa.

In da a gasa ne ba zai ci komai ba.

Asabar, 22 ga Nuwamba

Iyaye sun cika lab. Yawancinsu sun tambayi ko suna tashi. Rediyo ya ce suna tashi in an jefa su.

Mahaifin Likita ya zo can wajen azahar, mukulli a hannu. Muka gaisa. Ya tsaya gaban jirgin, ya sunkuya, ya zagaya ta ɗaya gefen. Ya kai hannu, ta ce, "Baba, ba a taɓawa." Ya janye.

Bai tambaye ni ba. Ita ya tambaya. "Ina Malam ya sa hannu?"

Ta nuna bayan jirgin. "Shi ya rufe ciki, ina kwance. Ya manta darma."

Ina tsaye a wurin. Malamin lissafi ma yana nan kusa, da kofin lemo.

Uban ya dube ni. Na ce haka ne.

Ta ba shi labarin sauran a gajarce, yadda zai zauna a kan wutsiya, da zarto, da ƙofa. Ya ce a nuna masa. Ta ɗaga jirgin da hannu biyu ta juya cikinsa sama. Ya ciro tabarau. Ya bi zanen zarton da ido, ya zo kan shatin ya tsaya.

"Wannan fa?"

"Gam ne ya yi yawa."

"Kawo hannunki."

Ta miƙa mini jirgin na riƙe, ta ba shi hagun. Ya kama babban yatsan ya juya shi wajen haske, ya dubi yatsa, ya dubi roba, ya sake duban yatsa. Ya kai shi kusa da shatin, bai bari ya taɓa ba. Tabon ya zo daidai.

Ya ce, "Hm. Ga karkatar nan kuwa. Wannan kam aikinki ne."

Ta ce ya leƙa ta gilashi. Ya kunna fitilar waya ya manna ido, ya daɗe a haka, babban mutum a duƙe da doguwar riga tana jan ƙasa. Na ji yana cewa, "Har da bel?" Mukullin motar yana kan tebur, kusa da gwangwanin fenti. Ban ga lokacin da ya ajiye ba.

Da ya miƙe ya gyara riga ya ce mini, "Malam, ran Laraba ƙarfe nawa kuke tashi? Don in san lokacin da zan riƙa zuwa ɗaukarta."

Na gaya masa. Likita tana gyara zaman jirgin a tebur, ta ba mu baya, ta daɗe tana gyara abin da ya riga ya zauna.

Wajen fita ya ce har yanzu dai shi yana ganin abin da ɗan kama da wasa. Akwai ƙaramin kwali ɗaya da ya rage a kabad, mai inji ɗaya, na masu farawa. Na miƙa masa. Ya yi dariya ya ce shi da girmansa. Ya karɓa dai.

Alhamis, 4 ga Disamba

Na dawo gida da wuri. Mai ɗakina ta dubi agogo, ta dube ni, ta tambaya ko an kore ni ne. Na ce ba aiki a lab. Ba wani abu ba ne, ƙarshen zango ne. Sabon jirgin Tagwaye yana can da baki a buɗe, sun ce za su cike bayan hutu. Za mu gani.

Tukunya akwai maiƙo. Na kira Auta na nuna masa, na koma falo.

Jiya Likita ta zo da abu naɗe a tawul. Na mahaifinta ne. Ya kai rabi. Fiffike ɗaya ya fi ɗaya tashi, gam ya zubo a gefe, akwai shatin yatsa har biyu, manya. Wai ya ce a gaishe ni, kuma don Allah in ɗan bar shi ya kwana a lab, ko aljanin zai taimaka.

Na juya shi a hannu. Fiffiken yana gyaruwa, ba wuya. Na san daidai inda zan sa wuƙa.

Na yanki guntun samfefa, na haɗa da ɗan foti a murfin kwalba, na naɗe su cikin tawul ɗin tare da jirgin, na mayar mata.

"Ki ce ina amsawa. Ki nuna masa yadda ake riƙe samfefar, sau ɗaya kawai, sannan ki sa hannunki a aljihu. Ya gwada da kansa."